Tarihin Malam Sa'adu Zungur: In Gemun Ɗan'uwanka Ya Kama Wuta

'Yan'uwa mazauna wannan zango namu, manya da yara, maza da mata, a wannan fitowa ina so mu ɗan leƙa gida, mu sauka Bauchi garin Yakubu, mu tuna da wani bawan Allah wanda bai daɗe a duniya ba, amma ya bar abin faɗi. Wannan kuwa shi ne marigayi Malam Sa'adu Zungur, Allah ya jiƙansa.

Kafin in shiga tarihin nasa, bari in yi wata 'yar shimfiɗa. Yau in aka ambaci Indiya, yaranmu fim suke tunawa. Mu 'yan kasuwa sai mu tuna babur da Keke Napep da magunguna, masu jinya kuma su tuna asibiti. Kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa igiyar da Turawan Ingila suka ɗaure ƙasarmu da ita, a Indiya aka tufka ta. Wanda bai san wannan ba, da wuya ya gane abin da Malam Sa'adu ya yi ta faɗa a kai har ya koma ga Mahaliccinsa.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Malam Sa'adu a unguwar Ganjuwa cikin birnin Bauchi a wajen shekarar 1915. Sunan mahaifinsa Malam Muhammadu Bello, gidansu kuwa gidan malanta ne. Tun yana ƙarami aka sa shi a allo, daga nan ya shiga littattafai, ya sha Larabci da fiƙihu sosai. Aka kuma sa shi makarantar boko ta lardi a Bauchi, a lokacin da mutane da yawa ke ɓoye 'ya'yansu don kada a kai su. Da ya gama sai ya wuce Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, inda su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello suka yi nasu karatun.

A 1934 ya tafi babbar Kwalejin Yaba a Ikko, shi ne ɗan Arewa na farko da ya shiga wannan makaranta. Bai zauna ya kammala ba, ya dawo Arewa ya shiga makarantar koyon aikin duba-gari a Kano, daga baya ya zama malami a Zariya. A Zariya ne ya fara tara samari masu ilmin zamani a ƙungiyoyin zumunta da na karatu, ana zama ana tattauna halin da ƙasa ke ciki. Ana cikin haka sai ciwon ƙirji ya kama shi, ciwon da bai sake shi ba har ƙarshen rayuwarsa. Dole ya ajiye aiki ya komo gida Bauchi a farkon shekarun 1940.

To, wace irin Bauchi ya tarar, kuma wa ya tsara ta haka? A nan ne labarin Indiya ya shigo.

Yadda Bature ya ci Indiya

Mutanen Ingila ba da bindiga suka fara shiga Indiya ba, da awo suka shiga, kamar yadda ɗayanmu zai sauka baƙon gari ya roƙi wurin kasa kaya. A shekarar 1600 aka kafa Kamfanin Gabashin Indiya don sayen kayan yaji da yadi. Sannu a hankali kamfani ya gina ɗakunan ajiya, ya ɗauki masu gadi, masu gadi suka zama soja. A 1757 sojan kamfani suka ci sarkin Bengal da yaƙi a wani wuri da ake kira Filasi. Daga nan mai saye da sayarwa ya zama mai karɓar haraji.

Bayan shekara ɗari, a 1857, sojan Indiya da ke wa kamfanin aiki suka yi bore, Musulmi da Hindu tare. Aka murƙushe su da mugun zubar da jini. Sarkin Delhi na ƙarshe daga zuriyar Mughal, Bahadur Shah, aka kama shi aka kai shi Rangun, can ya rasu a 1862. A 1858 gwamnatin Ingila ta karɓe mulki daga hannun kamfani, ta kuma koyi darasi: rushe sarauta yana da tsada, riƙe ta da linzami ya fi araha. Sai aka bar masarautu fiye da 550, manya da ƙanana, kowane sarki da fadarsa da tamburansa, amma a gefen manyansu an ajiye wani Bature mai ba da shawara, shawarar da ba a ƙin ta. Sunan wannan muƙami shi ne bakinmu ya mayar Razdan.

Daga Indiya zuwa Bauchi

Ku dubi waɗanda suka kawo mana wannan tsari. Gwamna Lugga, wanda ya kafa tutar Ingila a Lokoja ran 1 ga Janairu, 1900, a birnin Madras na Indiya aka haife shi a 1858. A can yankin ya fara aikin soja, ya yi yaƙi a Afganistan da Burma. Kafin zuwansa ma, wani kamfanin ciniki ne ke riƙe da bakin Kwara, kamar dai yadda aka fara a Indiya.

A watan Fabrairu na 1902 sojan Turawa suka shiga Bauchi, aka tuɓe Sarki Umaru aka fitar da shi daga ƙasar, aka naɗa wani. Baturen da aka bari ya zama Razdan na farko a Bauchi, Mista Temple, shi ma a Simla ta Indiya aka haife shi, mahaifinsa kuwa ya yi gwamnan Bombai. A 1903 Kano da Sakkwato suka faɗi, a watan Yuli na wannan shekara kuma Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi.

Sai aka shimfiɗa mulkin En'e. Sarki yana nan da rawaninsa, da alƙalai, da 'yan doka, da gidan yari, da baitulmali. Hakimi da dagaci su tara haraji da jangali. Amma a da, sarki yana shakkar malamai da manyan fada da talakawan da za su iya tashi su bar masa ƙasa. Yanzu kuwa mutum ɗaya yake shakka, shi ne Razdan. In Razdan ya gamsu, to, talaka sai dai ya kai kukansa ga Allah. Wannan gurguwar shari'a ita ce ta tsaya wa Malam Sa'adu a rai. Shi da ya karanta littattafan Shehu Usmanu da na Abdullahin Gwandu da na Muhammadu Bello, ya san ba a kan haka aka ba Yakubun Bauchi tuta ba.

Majalisar Taɗi ta Bauchi

Allah da ikonsa, a daidai wannan lokaci Bauchi ta haɗa mutum uku. Ga Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa yana koyarwa a Midil, ga wani saurayi daga Kano, Malam Aminu, wanda aka turo wannan makaranta a 1942, ga kuma Malam Sa'adu yana jinya a gida. Jikinsa ba ƙarfi, amma harshensa da alƙalaminsa kaifi gare su. Malam Aminu Kano ya riƙa zuwa wurinsa, kuma har ƙarshen rayuwarsa bai ɓoye ba cewa Sa'adu malaminsa ne a siyasa.

A tsakanin 1943 da 1944 suka kafa ƙungiyar ci gaban Bauchi, aka kuma buɗe zauren mahawara da aka sani da Majalisar Taɗi, da yardar Turawan lardi. Malaman makaranta da ma'aikatan En'e da Turawa kan zauna a ɗauko magana a tattauna. Turawa sun zaci za a tsaya kan tsabtar gari da noman gyaɗa. Sai ga shi ana tambayar amfanin shi kansa mulkin En'e, ana tambayar inda kuɗin haraji ke tafiya, har da yadda ake yanka wa sarakuna albashi. A wancan zamani, wanda talaka kan tuɓe takalmi ya faɗi ƙasa in ya hango hakimi ko Di'o, wannan ba ƙaramar kasada ba ce. Ba a daɗe ba hukuma ta rufe majalisar. Amma an riga an yi shuka.

Malam Sa'adu bai yi shiru ba. Ya riƙa rubutu a jaridu, da Hausa da Turanci. A lokacin akwai Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939, Malam Abubakar Imam yana editanta, akwai kuma jaridar Dokta Azikiwe a Ikko mai suna West African Pilot. Abin da ya sa maganarsa ke da nauyi shi ne, in ka zo masa da Turanci ya amsa maka da Turanci, in ka zo da aya ko hadisi ya fi ka sanin inda suke. Ba a iya ce masa ɗan boko marar addini, ba a kuma iya ce masa malamin zaure wanda bai san duniya ba.

Yaƙin duniya da sojanmu a Burma

Duk wannan yana faruwa ne Turai tana ci da wuta. Yaƙin Hitila ya ɓarke a 1939, Jamus ta mamaye Faransa a 1940, Ingila ta shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi. A 1941 shugabannin Ingila da Amurka suka fitar da wata takardar alkawari wadda ta ce kowace al'umma tana da ikon zaɓen irin mulkin da take so. Da aka tambaya ko har da Indiya da Afirka, sai Firayim Ministan Ingila, Cocil, ya nuna ba da su ake ba. Masu karanta jarida a Bombai da Ikko da Bauchi duk sun ji wannan, sun kuma riƙe.

Aka kwashi dubban samarinmu aka zuba a jirgin ruwa aka kai su Indiya, daga can aka shiga da su dazukan Burma don yaƙar Japan, a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Shi ne tsofaffinmu ke kira yaƙin Bama. Har yau sunayen wasu barikoki suna tuna mana da shi, irin su Dodan da Arakan a Ikko, da Letmauk a Badun, da Kalapanzin a Kaduna. Waɗannan soja sun sauka Indiya a lokacin da take tafasa. A 1942 jam'iyyar su Gandi da Nehru ta ce Ingila ta tattara ta bar ƙasar, aka kulle shugabanninta. A 1943 yunwa ta kashe tsakanin mutum miliyan 2 da miliyan 3 a Bengal, ƙarƙashin tutar da ake cewa ta kawo wayewa. Sojanmu sun ga Bature yana jin tsoro, yana gudu, yana mutuwa kamar kowa.

Da suka dawo, Malam Sa'adu ya tarye su da waƙarsa mai suna Maraba da Soja. Yabo ne ga jarumtarsu, amma mai hankali in ya saurara zai ji akwai magana a ƙasa: wanda ya ba da jininsa don 'yancin wasu, ya cancanci a tambaya masa nasa.

Zamansa a Ikko

Bayan yaƙi Ingila ta fito da bashi har wuya. A zaɓen 1945 mutanenta suka kayar da Cocil suka ɗora jam'iyyar Leba, wadda ta ga ba ta da ƙarfin ci gaba da riƙe Indiya. A tsakiyar watan Agusta na 1947 aka ba da mulkin kai, amma ƙasar ta rabu biyu, Indiya da Pakistan ta Muhammadu Ali Jinna. Mutum fiye da miliyan 10 suka bar gidajensu, dubban ɗaruruwa suka hallaka a hanya. Mu da muke zaune a ƙasar da ba a nan aka binne cibiyar kakanninmu ba, mun fi kowa sanin nauyin wannan labari.

A Nijeriya ma guguwar ta taso. Malam Sa'adu ya shiga jam'iyyar NCNC ta Dokta Azikiwe, a 1948 ya zama babban sakatarenta na ƙasa, ya koma Ikko da zama. Ɗan Arewa a irin wannan kujera a wancan lokaci abin mamaki ne, wasu a gida ma sun ɗauke shi wanda ya bi baƙi. Zaman Ikko ya buɗe masa ido ta fuska biyu. Ya ga nisan da Kudu ta yi wa Arewa a makarantu da asibitoci da jaridu da ma'aikata. Ya kuma ga yadda wasu 'yan siyasar can ba su damu su san Arewa da addininta da tarihinta ba. Sai ya gane cewa in Bature ya tafi alhali Arewa tana barci, to, an gudu ne ba a tsira ba. A wajen 1950 ya bar muƙamin ya komo gida.

Jumhuriya ko Mulukiya

A wannan tsakani ne ya yi waƙarsa da ta fi kowace shahara, Arewa Jumhuriya ko Mulukiya. Don a gane nauyin tambayar da ke cikin sunan waƙar, sai a dubi abin da idon duniya ya gani a shekarun nan.

A Turai, gidajen sarauta da aka zaci ba mai taɓa su sun zube. Na Rasha ya faɗi a 1917, na Jamus da na Ostiriya a 1918, na Daular Usmaniyya ta Turkiyya a 1922. A 1946 mutanen Italiya suka jefa ƙuri'a suka sallami sarkinsu. Wanda ya tsira shi ne irin na Ingila, domin tun da wuri ya yarda majalisar wakilan jama'a ta riƙe doka da kuɗi, shi ya riƙe daraja.

A Indiya kuwa abin ya fi kusa da mu, don tsarinsu ne aka kwaikwayo mana. Ranar da Ingila ta tashi tafiya, ba ta waiwayi sarakunan da suka yi mata biyayya shekara da shekaru ba. Aka ce kowa ya zaɓi Indiya ko Pakistan. Nizam na Haidarabad, Musulmi, wanda ake lissafa shi cikin mafiya dukiya a duniya, ya ce shi zai tsaya da ƙafarsa. A watan Satumba na 1948 sojan Indiya suka shiga ƙasarsa, cikin kwana 5 aka gama. Ran 26 ga Janairu, 1950, Indiya ta zama jumhuriya. A 1971 aka soke har ɗan kuɗin da ake ba tsofaffin sarakunan. Sarautar da ta jingina da baƙo ta manta da talakawanta, ranar da baƙo ya ɗauke kafaɗarsa sai ta faɗi.

Mutane da yawa suna zaton Malam Sa'adu maƙiyin sarauta ne. Wanda ya karanta waƙar nan ya san ba haka ba ne. Shi so yake sarauta ta tsira, amma ta gyaru: a koma kan adalcin da su Shehu suka kafa, a yi mulki da shawara, a buɗe makarantu, a yaƙi jahilci da zalunci da bara da lalaci. Ya gargaɗi sarakuna da malamai da talakawa baki ɗaya cewa in ba a gyara da hannunmu ba, wasu za su zo su gyara mana yadda suke so. A nawa ganin, duk nasiharsa tana cikin karin maganar nan tamu: in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ba shi kaɗai ya hango haka ba. A watan Agusta na 1950 abokinsa Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a majalisar Kaduna ya nemi a sake duba tsarin En'e. A wannan wata dai, ran 8 ga Agusta, aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda Malam Aminu ya zo ya jagoranta, tunanin Malam Sa'adu kuwa yana cikin harsashinta. Kun ga abokan taɗin Bauchi sun rabu hanya, ɗaya ya bi NPC yana gyara daga ciki a hankali, biyu suka bi hanyar sawaba suna bugawa daga waje, amma ciwon da suka gani ɗaya ne.

Rasuwarsa da abin da ya biyo baya

Shekarunsa na ƙarshe a Bauchi ya yi su, yawanci a kwance, ba dukiya, ba muƙami. Duk da haka 'yan siyasa da ɗalibai ba su daina sallama a ƙofarsa ba. Allah ya karɓi ransa ran 28 ga Janairu, 1958, yana da shekara arba'in da 'yan kai. Bai ga mulkin kan Arewa na 1959 ba, bai ga saukar tutar Ingila ran 1 ga Oktoba, 1960 ba, ranar da abokinsa na Majalisar Taɗi ya karɓi ƙasa a matsayin Firayim Minista.

To, gargaɗin nasa fa? A 1963 Nijeriya ta zama jumhuriya. Bayan juyin mulkin 1966, gwamnatin soja ta karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun sarakuna. A 1976 aka yi gyaran ƙananan hukumomi, En'e ta zama tarihi. Sarautunmu ba su shafe kamar na Indiya ba, suna nan da martabarsu, alhamdu lillahi, amma ikon da aka ƙi rabawa da talakawa da daɗin rai, soja sun karɓe shi ba tare da neman izini ba. Inuwar Indiya ma ba ta bar mu ba: kundin hukunta laifuffuka na Arewa da aka zartar a 1959, daga na Sudan aka ɗauko shi, na Sudan kuwa daga na Indiya na 1860.

Yau akwai makarantar firamare mai sunansa a cikin Bauchi, jami'ar jihar da ke Gaɗau ta koma Jami'ar Sa'adu Zungur, a gidan Mambayya na Kano kuma akwai babban ɗakin taro da sunansa. Mutumin da hukuma ta rufe wa zauren taɗi, ga shi yau ana taro a ƙarƙashin sunansa.

'Yan'uwa, ba don a sha labari kawai na kawo wannan ba. Duk wanda Allah ya ɗora wa jagorancin mutane, ko sarkin gari ne, ko sarkin zango, ko shugaban ƙungiya, ko na 'yan kasuwa, ya tambayi kansa da wa ya jingina: da mutanen da yake shugabanta, ko da wani babba a sama wanda gobe zai iya tashi? Mu kuma iyaye, mu dubi yadda aka haɗa wa Malam Sa'adu allo da boko, har ya tsaya gaban Razdan da gaban malamai bai sunkuyar da kai ba. Kada mu bar 'ya'yanmu da ɗaya babu ɗaya. In kun samu hali, ku nemi waƙoƙinsa, suna nan a buge, ku sa yara su karanta muku da dare.

Allah ya jiƙan Malam Sa'adu Zungur, da Malam Aminu Kano, da Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa, da sojanmu da suka kwanta a dazukan Burma, da dukkan magabatanmu. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani, amin. Wassalamu alaikum.